Wa ke gaya wa huhun ɗan tayi inda zai yi reshe?

A mako na huɗu bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba, tsawon ɗan tayi bai wuce milimita 5 ba. A daidai wannan lokacin ne wani ɗan toho ke ɓullowa a gaban bututun da zai zama hanyar abincinsa. Tohon ya miƙe, kansa ya rabu biyu, ɗaya ya nufi dama, ɗaya hagu. Na dama ya fitar da rassa uku, na hagu biyu, kuma wannan ne asalin kaso uku da huhun dama ke da shi da kaso biyu na huhun hagu. Daga nan sai rabuwa ta bi rabuwa. Kafin mako na 16 ko na 17 ya cika, an gama shata hanyoyin da za su riƙa kai iska cikin huhu har ƙarshen rayuwar mutum. Abin da ya rage shi ne sassan da ake musayar iska da jini, su kuwa suna ci gaba da ginuwa har shekaru bayan haihuwa.

Masanin ƙirar jiki Ewald Weibel, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna a 1963 cewa daga maƙogwaro zuwa ƙarshen hanya, bututun iska na rabuwa kimanin sau 23. Wanda ya ɗauki ɗaya ya yi ta ninka shi biyu-biyu har sau 23 zai wuce miliyan takwas. A ƙarshen waɗannan hanyoyi akwai 'yan jakunkunan iska kimanin miliyan 480 a huhun babban mutum. Su kuwa ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin a jikinmu, duka-duka kimanin 20,000 ne, kuma da su ake gina ido da ƙashi da ƙwaƙwalwa da komai. Ke nan ba zai yiwu kowane reshe ya kasance da nasa umarnin a rubuce ba. Dole akwai 'yan ƙa'idoji kaɗan da ake ta maimaitawa. Tambayar da masana suka shafe kimanin shekara casa'in suna bi ita ce: a hannun wa waɗannan ƙa'idojin suke?

Nama biyu ne ke haɗuwa su yi huhu. Na farko shi ne bangon bututun kansa, ƙwayoyin halitta da suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka manne da juna suka kewaye rami. Masana na kiransa efiteliyom, ni zan kira shi shimfiɗa, domin shi ne zai zama shimfiɗar cikin hanyoyin iska. Na biyu shi ne sassauƙan naman da ya lulluɓe bututun ta waje, wanda ƙwayoyinsa ke warwatse cikin wani abu mai kauri da danƙo. Sunansa mesenkaim, zan kira shi naman kewaye. Daga gare shi guringuntsi da tsoka da jijiyoyin jinin huhu za su fito. Wanda ya leƙa ta madubin ƙara girma zai ga shimfiɗa ce ke miƙewa, ita ke lanƙwasa, ita ke rabuwa, naman kewaye kuwa kamar ciko ne kawai da ake kutsawa cikinsa. Ido ya yaudari mai kallo a nan.

Abin da wuƙa da allura suka nuna

A 1933 wata masaniya Ba'amurkiya, Dorothea Rudnick, ta ciro tohon huhu daga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ta dasa shi a kan tantanin wani ƙwan mai jijiyoyin jini. In ta dasa shi da naman kewayensa, sai ya ci gaba da yin rassa. In ta fere naman ta bar shimfiɗa ita kaɗai, rassa ba sa fitowa. Wannan ya tabbatar da cewa shimfiɗa na buƙatar maƙwabcinta, amma bai bayyana irin buƙatar ba. Mai yiwuwa abinci kawai yake ba ta, ko madogara.

Gwajin da ya warware wannan ya zo a 1962 daga hannun masana biyu 'yan Italiya, Alescio da Cassini, kuma har yau ina ganin yana cikin gwaje-gwaje mafi kyau a wannan fanni. Maƙogwaro bututu ne miƙaƙƙe, ba ya yin reshe a tsawonsa. Sai suka ɗauki huhun ɗan tayin ɓera, suka fere ɗan naman kewaye daga gefen maƙogwaro, suka liƙa a wurin wani ɗan guntun naman da suka yanko daga bakin rassan huhu, inda ake tsakiyar rabuwa. Maƙogwaron ya fitar da toho a daidai wurin, tohon ya shiga yin rassa kamar wani ƙaramin huhu a inda bai kamata huhu ya kasance ba. A 1970 Norman Wessells na Jami'ar Stanford ya juya gwajin. Ya ɗauko naman kewayen maƙogwaro ya naɗe bakin reshen huhu da shi, sai reshen ya daina rabuwa.

A lura da abin da wannan ke nufi. Naman kewaye iri-iri ne. Wani yana cewa a yi reshe, wani yana hanawa, kuma shimfiɗa na bin maganar wanda ke kusa da ita. Miƙewar maƙogwaro ma aiki ne da ake yi da gangan, domin akwai mai riƙe shi kada ya tsiro. Da babu wannan hanin, da hanyar iskar mutum ta cika da rassa tun daga wuya.

A shekarun 1990 John Shannon ya ƙara zurfafa maganar a tayin ɓera. Ya nuna cewa shimfiɗar maƙogwaro da aka haɗa da naman bakin huhu, bayan rassan da take yi, har ƙwayoyinta kan rikiɗe su koma irin waɗanda ke cikin jakunkunan iska, masu haɗa sinadarin da ke hana jakunkunan mannewa in an fitar da numfashi. Ke nan naman kewaye na faɗa wa shimfiɗa siffar da za ta ɗauka, yana kuma faɗa mata abin da za ta zama. Sai dai wannan biyayya na da wa'adi. In tayin ya ƙara kwanaki, shimfiɗar maƙogwaro ta riga ta kama hanyarta, ba ta ƙara amsa irin wannan kiran.

Da wane harshe suke magana?

Duk waɗannan masana sun ga ana magana, amma kalmomin ba su bayyana ba sai a ƙarshen ƙarni na 20. Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga inda ba a zata ba, wato ƙudan 'ya'yan itace. Ƙuda ba shi da huhu, amma yana da bututun iska masu rassa da suka ratsa jikinsa. A 1996 ɗakin binciken Mark Krasnow a Stanford ya gano cewa wasu ƙwayoyi da ke kewaye da bututun na fitar da wani furotin na dangin FGF, bututun kuma na miƙa reshe zuwa duk inda furotin ɗin yake. Shekara guda bayan haka, Saverio Bellusci da Brigid Hogan a Jami'ar Vanderbilt suka nuna kwatankwacin wannan a huhun ɓera. Wani ɗan dangin, FGF10, na taruwa a naman kewaye a daidai wuraren da sabon toho zai ɓullo, tun kafin ya ɓullo. Shimfiɗa kuma na ɗauke da makarɓinsa, wato furotin da ke karɓar saƙonsa, FGFR2b. Da aka jiƙa wani mitsitsin ƙwallo da FGF10 aka ajiye kusa da shimfiɗar da aka raba da namanta, sai ta miƙe ta nufi ƙwallon har ta rungume shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 1998 da 1999, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon FGF10. Maƙogwaro ya fito, ya miƙe, sai ya tsaya cak. Babu huhu ko kaɗan. Babu kuma ƙafafu, na gaba da na baya, domin furotin ɗin nan ne ke tayar da tohon gaɓoɓi. Ɓerayen na mutuwa da zarar an haife su.

Da a nan maganar ta tsaya, da abin da za a samu shi ne dogon bututu ɗaya mai bin kira har iyaka, ko kuma wata ƙatuwar jaka da ta kumbura ta ko'ina. Reshe na samuwa ne saboda shimfiɗa na mayar da martani. Da zarar kan toho ya ji FGF10, sai shi ma ya fara fitar da nasa furotin, SHH, zuwa cikin naman kewaye. Aikin SHH biyu ne. Yana sa ƙwayoyin naman su hayayyafa, yana kuma sa su rage fitar da FGF10. Wato toho na kashe muryar da ta kira shi. Da yake SHH ya fi yawa a daidai goshin toho, a nan kiran ke fara mutuwa, sai ya saura a gefe biyu, dama da hagu. Kan tohon ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta tsaya, gefunan biyu suka ci gaba, sai ga gwafa. Kowane sabon kai kuma ya sake wannan hirar daga farko.

Akwai wasu masu tsawatarwa. A cikin ƙwayoyin kan toho, FGF10 na tayar da wani furotin mai suna Sprouty2, wanda ke rage ƙarfin saƙon daga ciki, kamar mai toshe kunnensa kaɗan in kira ya yi ƙara. Shi ma a ƙuda aka fara gano danginsa, inda rashinsa ke sa bututun iska su yi rassa fiye da kima. Akwai kuma wani furotin, BMP4, da ke taruwa a kan toho, wanda a gwajin ƙwallon nan ya hana shimfiɗa miƙewa zuwa FGF10. Ɓerayen da aka cire wa SHH sun nuna muhimmancin hani ƙarara. FGF10 ya bazu ko'ina cikin naman kewaye, huhun ya koma 'yan jakunkuna marasa rassa, bututun iska da na abinci kuma ba su rabu da juna yadda ya kamata ba. Kira ya yi yawa, reshe ya gagara.

Hirar ma ta girmi tohon. Kafin komai ya ɓullo, naman da ke kewaye da bututun abinci ne ke aika furotin Wnt2 da Wnt2b zuwa wani ɗan yanki na gabansa, su kunna ƙwayar gadon Nkx2.1, wadda ita ce alamar farko cewa nan huhu zai fito. In babu su, babu huhu babu maƙogwaro. Wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A shi ma dole ne a wannan mataki, kuma tun 1953 aka ga cewa ɓerayen da aka hana bitamin A lokacin da suke da ciki na haifar 'ya'ya masu nakasar huhu, wasu ma huhun bai fito ba. Akwai kuma murya ta uku daga siririn tantanin da ya rufe huhu ta waje, mai fitar da FGF9 don naman kewaye ya yi yawa. In ya rasa, naman ya ƙaranta, rassa su ƙaranta tare da shi.

A 2008 Ross Metzger, tare da Krasnow da Gail Martin da Ophir Klein, suka yi wani aiki na haƙuri. Sun bi ɗaruruwan huhun tayin ɓera, daga kwana na 11 zuwa na 15 na ciki, suka zana tarihin rassa sama da 5,000, kowanne da uwarsa da lokacin fitowarsa. Sun samu cewa bishiyar kusan iri ɗaya ce daga ɓera zuwa ɓera, kuma salo uku kacal ake amfani da su. A na farko, uwar reshe na jera 'ya'ya a tsawon jikinta kamar haƙoran mataji, ta gama layi ɗaya ta juya ta fara wani, kuma da wannan ake kafa ginshiƙin kowane kaso na huhu. A na biyu, kai na rabuwa biyu, 'ya'yan su sake rabuwa a shimfiɗe ba tare da juyawa ba, wanda ke samar da siraran gefunan huhu. A na uku, kowace rabuwa na juyawa da digiri 90 daga wadda ta gabace ta, kuma da shi ake cike ciki da fuskar huhu. Ga 'yan ƙa'idojin nan da lissafi ya ce dole akwai su.

Inda labarin ya fara tsagewa

Bayanin FGF10 da SHH yana da daɗin faɗa, shi ya sa ya cika littattafan karatu. A ganina daɗin nasa ya sa an daɗe ba a kula da abubuwan da ba su dace da shi ba. Tun 1995 Nogawa da Ito a Japan suka raba shimfiɗar huhun ɓera da namanta gaba ɗaya, suka nutsa ta cikin wani abu mai danƙo da ke kwaikwayon madogararta, suka zuba wani furotin na dangin FGF cikin ruwan ko'ina daidai wa daida. Babu wurin da ya fi wani yawan kira, amma shimfiɗar ta yi rassa. A 2013 kuma Thomas Volckaert da Stijn De Langhe suka ɗauki ɓerayen nan marasa FGF10, suka sa dukkan jikinsu ya riƙa fitar da shi ba tare da zaɓen wuri ba. Huhu ya fito, ya kuma yi rassa da suka yi kama da na lafiya.

Wannan bai rushe aikin Bellusci da Hogan ba, domin in babu FGF10 har yanzu babu huhu. Abin da ya girgiza shi ne tunanin cewa naman kewaye na nuna wa shimfiɗa wurin kowane reshe da yatsa. Fassarar da ta fi dacewa da gwajin 2013 ita ce babban aikin FGF10 shi ne riƙe ƙwayoyin kan toho a matsayin 'yan tsiro masu hayayyafa, masu ɗauke da alamar Sox9, ya hana su girma da wuri su koma ƙwayoyin jikin bututu masu alamar Sox2. Waɗanda tafiya ta bari a baya, nesa da kiran, su ne ke natsuwa su zama bango.

To in haka ne, me ke zaɓen wurin? Masu lissafi sun kawo amsa ɗaya daga tunanin da Alan Turing ya wallafa a 1952, cewa sinadarai biyu da ke yaɗuwa suna tayar da juna suna kuma danne juna za su iya haifar da ɗigo-ɗigo masu tazara daidai daga fili mara bambanci. Ƙungiyar Dagmar Iber a Suwizalan ta nuna a kwamfuta cewa hulɗar FGF10 da SHH da makarɓansu na iya yin hakan. Wata amsar ta fito daga injiniyoyi. Duk shimfiɗar da ke girma fiye da abin da ke riƙe da ita dole ta yi tattara, kamar yadda fatar yatsa ke yi in ta daɗe cikin ruwa. A 2015 Victor Varner da Celeste Nelson na Jami'ar Princeton suka nuna cewa a shimfiɗar da aka raba da namanta, tohon na fitowa ne ta irin wannan tattarar, kuma saurin girma ne ke ƙayyade tazarar da ke tsakaninsu.

Tun daga nan maganar ƙarfi da matsi ta shigo tsakiyar fage, kuma ita ce ɓangaren da ya fi burge ni. Naman kewaye ba saƙon sinadari kaɗai yake aikawa ba, yana riƙewa, yana matsewa, yana sassautawa. Tsakaninsa da shimfiɗa akwai wata siririyar tabarma ta furotin da su biyun ke saƙawa tare. A kan toho tana da siranta, ana ta warware ta don a samu hanya. A jikin bututu da cikin gwafa kuwa tana da kauri. Ɗakin binciken Nelson ya kuma ɗauki hoton huhun ɓera yana girma, aka ga wasu ƙwayoyin naman kewaye na rikiɗewa su zama tsoka a daidai goshin toho tun kafin ya tsage, su naɗe wurin kamar ɗamara, shimfiɗar da ke kumbura ta ɓullo ta gefe biyu. Da suka hana tsokar fitowa da magani, rabuwar ta lalace.

Sai dai a 2020 ɗakin binciken Xin Sun ya cire ƙwayar gadon da ke kammala girman wannan tsoka, mai suna Myocardin, daga huhun ɓera, amma rassa suka fito yadda aka saba. Abin da ya lalace shi ne faɗin hanyoyin iska da tsarin zoben guringuntsin maƙogwaro. Ɓangaren Nelson ya amsa da cewa ƙwayoyin da ba su gama zama tsoka ba ma suna da taurin da zai riƙe shimfiɗa. Wannan muhawara ce ta gaskiya tsakanin masana na ƙwarai, kuma ta nuna wani hali na ɗan tayi: sau da yawa yana da hanya fiye da ɗaya ta cimma abu guda, ta yadda cire ɗaya ba ya tsayar da aiki.

Sauran halittu sun ƙara tabbatar da haka. A ɗan tsako, sababbin rassan farko na ɓullowa ne saboda ƙwayoyin shimfiɗa na tsuke bakinsu na ciki, bangon ya lanƙwasa da kansa, tun tsoka ba ta iso wurin ba. A wani ƙadangare da ƙungiyar Nelson ta bincika, tsoka na saƙa raga a jikin huhun da ke kamar jaka, matsin ruwan ciki ya tura shimfiɗa ta ramukan ragar. Kayan aikin iri ɗaya ne, rabon aikin ne ya bambanta. Ɗan Adam ma ba kwafin ɓera ba ne. Huhun ɓera kaso huɗu ne a dama, ɗaya a hagu, kuma abin da yake yi cikin kwanaki mu makonni muke ɗauka. An ga cewa kan tohon ɗan Adam na ɗauke da Sox2 da Sox9 a tare a lokacin yin rassa, saɓanin na ɓera, kuma da aka zuba FGF10 a guntun huhun tayin ɗan Adam a ɗakin gwaji, bai ƙara rassa yadda yake yi a ɓera ba. Duk mai karanta sakamakon ɓera yana tunanin jaririn mutum ya kamata ya riƙe wannan a zuciya.

Ruwan da ke ciki

Huhun ɗan tayi ba fanko ba ne. Shimfiɗa na tura sinadarin kuloraid cikin ramin bututu, ruwa ya bi shi, maƙogwaro kuma ya riƙe ruwan ta yadda matsin ciki ya ɗan fi na waje. Tsokar da ta naɗe bututun tana matsawa lokaci-lokaci da kanta, tana kora ruwan zuwa kawunan rassa. A 1977 masana a Ostireliya suka yi wa 'yan tayin tumaki tiyata a cikin mahaifa. Waɗanda aka ɗaure wa maƙogwaro, ruwan ya taru, huhunsu ya yi girma fiye da kima. Waɗanda aka sa wa bututu ruwan ya riƙa tsiyayewa, huhunsu ya tsumbure. Daga baya an ga cewa toshe maƙogwaron huhun ɓera a ɗakin gwaji na hanzarta yin rassa, kuma hakan na bi ta hanyar FGF10 ɗin nan. A 2017 ƙungiyar Nelson ta ƙera 'yan akwatuna masu kwaikwayon ƙirji, ta nuna cewa ƙara matsi na ƙara saurin rabuwa ba tare da canza tsarin wuraren rassan ba. Ke nan matsi da sinadari hira ɗaya suke ciki.

A nan ne binciken ɓera da ƙuda ke isowa gadon asibiti. Jaririn da ƙodarsa ba ta fito ba ba ya yin fitsari a ciki, ruwan faya ya ƙafe, mahaifa ta matse ƙirjinsa, ruwan huhu ya zube, a haife shi da huhun da bai isa numfashi ba. Haka kan faru in faya ta fashe da wuri sosai, tun kafin tsakiyar ciki. In rabuwar bututun iska da na abinci ta samu tangarɗa a makonnin farko, sai a haifi jariri da hanyar abinci a toshe ko a haɗe da maƙogwaro. Mutanen da suka gaji kwafi ɗaya na FGF10 da ya lalace kan rasa ƙullutun hawaye da na miyau, ko su zo da su a tsumbure, domin waɗannan gaɓoɓin ma ta hanyar rassa ake gina su da furotin ɗin nan. An kuma samu lalacewar FGF10 ko TBX4, wata ƙwayar gado da ke aiki a naman kewaye, a jariran da ginin huhunsu ya tsaya tun a farkon hanya.

Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na jariran da shamakin da ya raba ƙirji da ciki ya zo musu da ɓula, abin da ke samun kimanin ɗaya cikin haihuwa 3,000. Hanji, wani lokaci har da hanta, kan haura cikin ƙirji su cinye wurin da huhu zai girma. Likitan tiyata na iya mayar da su ya ɗinke ɓular bayan haihuwa, amma abin da ke kashe jariran shi ne ƙarancin huhun da kuma matsewar jijiyoyin jininsa, waɗanda ke bin rassan iska kafaɗa da kafaɗa, in waɗancan sun ƙaranta su ma su ƙaranta. Daga darasin tumakin nan aka samo dabara: a zura siririn madubi ta cikin mahaifa zuwa bakin ɗan tayi, a hura ɗan balan-balan a maƙogwaronsa don ruwa ya taru ya buɗa huhun, a cire shi kafin haihuwa. A 2021 aka wallafa sakamakon wani gwaji na ƙasashe da dama ƙarƙashin jagorancin Jan Deprest na Beljiyam. A cikin masu ɓula mai tsanani ta hagu, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa balan-balan sun rayu har aka sallame su, a waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 15 ne. Aikin na da nasa haɗarin, domin ya ƙara yawan fashewar faya da haihuwar bakwaini.

Ana sa balan-balan ɗin ne tsakanin mako na 27 da na 29, a cire shi wajen mako na 34. A wannan lokacin matsi na iya faɗaɗa huhu, ya ƙara yawan wuraren musayar iska, ya ba jariri abin da zai ja numfashin farko da shi. Amma hanyoyin iska an rufe lissafinsu tun mako na 16 ko na 17. Rassan da ba a yi ba a waɗancan makonnin ba sa dawowa, kuma yaron da ya tsira zai girma da adadin da ya samu a lokacin.